Rumfar da Bishir Ya Bari

Asabar, farkon Agusta, da hantsi

Matata Kulu ta ce in dai ba zan zauna wuri ɗaya ba, to in fita mata daga tsakar gida, na hana kajinta cin tsaba. Sai na dawo zaure na jawo wannan littafin, cikin waɗanda suka biyo ni gida ranar da na bar sakatariya. Na tsufa ina rubuta maganar mutane a rajista. Yau na zo rubuta tawa, na rasa ta inda ake kama ta.

Kakata in za ta ba mu labari da mamaci take farawa, wai shi ba ya katse mutum. To, Bishir ya rasu. Mijin ɗiyata Fiddausi. Yau wata uku da wani abu. Abin da ya faru a hanya ba zan rubuta shi ba. Kankia ta sani, Kusada ta sani, wanda bai sani ba ya huta. Fiddausi tana can gidansu a Kusada tana takaba, ita da ƙaramar ɗiyarta Yasmin, wurin uwar mijin, Hajiya Ma'u.

Jiya na hau kabu-kabu na je duba ta. Na yi zaton zan iske ta da carbi. Carbin na nan a gefen tabarma, amma ita tana bakin ƙofar ɗaki, ta kife turmi ta ɗora kwamfuta a kai, yatsu na ta danne-danne. Na ce mi ake yi? Ta ce aikin Baban Yasmin ne, bai ƙarasa ba.

Na san aikin, ko in ce na san bakinsa. Akwai mutane a ƙasashen waje masu takardun Turanci, na asibiti, na noma, na allurar yara, suna son a juya masu su Hausa. Akwai wata kasuwa a intanet inda ake haɗuwa da su, kowa da wurin zamansa. Yara suna cewa akawun, ni na fi gane shi da rumfa. Rumfar da sunan Bishir aka buɗe ta, da hotonsa, da katinsa na ɗan ƙasa. Amma ni na biya kuɗin makaranta, na san wanda ya iya Turanci a gidan nan. Shi yake ciniki, ita take juyawa. Haka suka tsara abinsu tun farko, ban taɓa sa baki ba.

Jiyan ma ban sa ba. Na sha fura na dawo.

Lahadi, bayan azahar

Hadari ya haɗu, bai zubo ba. Ni ma haka.

Talata, bayan la'asar

Na koma Kusada. Mai kabu-kabun ya fara tambayata ko sabon aure na yi can.

Na iske ta tana bin rana da farantin sola, daga bakin madafa zuwa gindin darbejiya, kamar mai shanyar gari a marka. Takaba ta hana ta fita neman caji, gajimare ya hana cajin zuwa. Na jira har ta zauna, sannan na ce wannan aikin da bai ƙarasa ba, halan dogo ne?

Ta juyo mani da kwamfutar.

Babbar mai ba su aiki wata baturiya ce a Kanada, Madam suke ce mata, ƙungiyarsu ke buga 'yan littattafan kiwon lafiya. Turancina na sakatariya ne, amma ya kai ni inda ake so in je. Madam ta rubuto tana gaida Malam Bishir, tana tambayar ya damina, ya matarsa, ta warke daga zazzaɓin da ya ce tana yi? A ƙasa ga amsa, da safen nan aka aika. Matarsa tana lafiya, ta gode.

Na cire tabarau na goge, ba don sun yi datti ba.

Na ce, "Fiddausi, wa ya ce kina lafiya?"

Ta ce, "Baba, in na faɗa mata, rumfar ta mutu. Dokar kasuwar ke nan, mai suna shi ke aiki. Ka ga taurarin nan? Shekara huɗu muna tara su."

Ta nuna mani. Duk wanda aka yi wa aiki ya ji daɗi sai ya liƙa wa rumfa tauraro. Masu neman ma'aikaci taurarin suke dubawa. Sabuwar rumfa wadda ba ta da ko ɗaya, ba mai tsayawa ko da tambayar farashi.

"In ta rufe, da mi zan riƙe Yasmin? In zauna Yaya Zainu ya riƙa auno mana?"

Na ce Allah ya kawo mafita. Abin da tsoho ke faɗa ke nan in ba shi da abin faɗa.

Laraba, da walaha

Tun asuba wani labarin kakata ke yawo a kaina. Wata mata mijinta ya mutu ana tsakar damina, sai ta ɗauki rigarsa da malafarsa ta rataya a sanda tsakiyar gona, don kada birai su gane babu namiji. Kullum da safe ta je ta juya sandar, ta kai mashi abinci, ta zauna ta cinye. Na tuna har muryar da kakata ke yi wa babban biri. Ƙarshen ne ya ɓace mani. Ko barci nake yi kafin a kai can, ko ita ma ba ta sani ba.

Na tambayi Kulu. Ta ce su a gidansu ba a yi masu wannan ba, kuma in tashi daga kan buhun da take nema.

Alhamis, bayan la'asar

Zainul Abidin ya zo, wan Bishir. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya ƙi hawa tabarma. Yaron kirki ne, in ana kiran mai furfura a gemu yaro. Tun da abin ya faru ya rame, shi ya je ya ɗauko gawar.

Maganar gado ce ta kawo shi. Yana son a raba kafin Fiddausi ta fita takaba. Ya lissafo babur, da gonar Tafashiya, da tumaki, da kwamfuta da sola. Sai ya tsaya yana murza gefen tabarma.

"Baba, ni ba wani abu nake so ba. Tsoro nake a bar mashi nauyi a wuya yana kwance. Wannan rumfa. In tashi ce, gado ce, akwai haƙƙin marainiya da na tsohuwa a ciki. In ba tashi ba ce, to wane Bishir ne ake aiko wa aiki har jiya?"

Na ce zan yi tunani. Ya ce to. Muka zauna muna kallon akuyar maƙwabta tana cin karan danga, ba wanda ya kore ta.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Liman ya yi huɗuba kan gaskiya a ciniki. Na san ba da ni yake ba. Duk da haka na fita ta ƙofar baya.

Asabar, da hantsi

Mun je wurin Malam Ummaru mai rabon gado, ni da Zainul Abidin. Tare muka yi allo da shi, ya wuce ni tun muna yara kuma bai taɓa bari na manta ba.

Na yi mashi bayanin rumfa. Ya saurara ido rufe. Ya ce ana iya sayar da ita? Muka ce kasuwar ba ta yarda ba. Ana iya ba da aronta? Ba ta yarda ba. Ana iya raba ta gida-gida, kowa ya ɗauki taurarinsa? Zainu ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa tun bazara. Malam ya ce shi dai a littattafan da ya karanta an yi maganar raƙumi, an yi maganar rijiya, an yi maganar bishiyar dabino da ba ta fara 'ya'ya ba, amma ba a kai ga taurari ba.

Daga ƙarshe ya yanke. Abin da rumfa ta kawo kafin rasuwa, a ware rabon Bishir yadda suka saba tsakaninsu, shi ne gado. Abin da ta yi da hannunta bayan rasuwa guminta ne, ba mai taɓawa. Suna kuma ba dukiya ba ne, ba a raba shi.

Zainu ya sauke ajiyar zuciya. Ni ma na fara saukewa. Ina neman takalmina Malam ya ce, "Buba, akwai ɗaya tambayar da ba ku yi mani ba."

Na ce haka ne. Ta ci gaba da aiki da sunan mamaci yake nufi.

Ya ce, "To ni ma ban amsa ba."

Litinin, bayan azahar

Fiddausi ta kira. Kamfanin kasuwar ya aiko saƙo. Wai lokaci-lokaci sukan nemi mai rumfa ya zauna gaban kyamara, ya nuna fuskarsa su gwada da ta hoton kati, su tabbatar shi ne. An ba Malam Bishir zuwa ƙarshen makon gobe. In bai zo ba, a rufe.

Muryarta ba ta rawa. Da ta yi rawa da na fi samun abin cewa.

Litinin ɗin dai, kafin magariba

Na zagaya gida ta baya, na duba katanga, na dawo. Katangar na nan.

Talata, bayan la'asar

Kabo ya zo hira. Taubashina ne, ɗan kawuna, mai awon hatsi a kasuwa. Tun muna tsirara yake zagina kuma al'ada ta hana in ji haushi. Ya ce ya ji labari na zama ɗan kasuwar Kusada, har masu kabu-kabu na faɗa a kaina. Na ba shi labarin kyamara don ya rufe mani baki.

Ya kwashe da dariya. "Yo ba ga Zainu nan ba? Uwa ɗaya uba ɗaya, hanci ɗaya kamar an sassaƙa. Ku rage mashi gemu, ku ɗora mashi hula, ku zaunar. Na'ura ce fa, Buba, ba surukarshi ba ce."

Na ce Allah ya shirye ka, tsohon banza. Muka yi dariya tare.

Kulu tana bayan ƙofa tana tsince shinkafa. Ita ba ta yi dariya ba.

Laraba, da safe

Ta kawo koko ta tsaya. Kulu in ta kawo abu ta tsaya, akwai magana.

Ta ce wa za a cuta? Aikin ana yin shi, masu shi suna yabawa, hannun da ke yi tun farko shi ke yi har yau. Na ce ai ba a nan take ba. Ta ce a ina take? Na fara jawo bayani tun daga nesa yadda na saba, ta katse ni.

"Malam, kai kana da fansho, shi ya sa kake da ra'ayi."

Ta kwashe kwanon tun ban gama sha ba.

Alhamis, da walaha

Ban ce na yarda ba. Na dai je Kusada.

Na samu Zainu a gona na faɗa mashi kamar ina ba da labarin shirmen Kabo. Bai yi dariya ba shi ma. Ya daɗe yana kankare laka daga bakin hauya da ɗan yatsa. Ya ce, "In don Yasmin ne."

Fiddausi da na faɗa mata, ta dubi bango ta ce to. Wannan to ɗin na san shi, irin na uwarta ne, ba ya nufin komai sai an ga abin da ya biyo baya.

An sa Litinin.

Juma'a, bayan la'asar

Ruwa tun safe. Rufin ɗakin ƙofar gida na yoyo kan buhunan taki. Na sa roba. Na cire robar na sa bokiti. Na mayar da robar.

Lahadi, da hantsi

In ba a rubuta abu ba ya faru? A sakatariya cewa muke bai faru ba.

Litinin, bayan la'asar

Zan rubuta shi sau ɗaya, ba zan koma kai ba.

A zauren gidansu aka yi, nan sabis ya fi kamawa. Mun bari sai da Hajiya Ma'u ta shiga maƙwabta barka. Zainu ya je wurin wanzami da safe, an rage gemun yadda yake a hoto. Da ya shigo na gaishe shi ina kallon ƙafafunsa.

Fiddausi ta kawo hular Bishir da kanta, naɗe cikin ɗankwali. Ba ta ba shi ba, ni ta miƙo wa, ni na miƙa mashi. Ta saita kwamfutar kan kujera ta koma bayan asabari, inda take hango allon tana faɗa mana abin da za a danna. Wata da'ira ta fito, aka ce a sa fuska ciki. Zainu ya ɗora hula, ya ɗan karkata ta gefen dama, ba don an ce mashi ba. Haka suke sa ta su duka biyu, gadon ubansu ne.

Na'ura ta ce ya juya hagu. Ya juya.

Daidai nan Hajiya Ma'u ta shigo, ta dawo ɗaukar wani abu, da kwano a hannu. Daga haske ta shigo duhun zaure. Ta tsaya. Ba ta yi ihu ba, kwanon ma bai faɗi ba. Da muryar da ake tambayar yaro ko ya ci abinci ta ce, "Auta?"

Haka take kiran Bishir. Sai ta ajiye kwanon a hankali, ta zauna a ƙasa inda take.

Fiddausi ta ɗaga asabari ta fito, ta kife kwamfutar da tafin hannu. Ta ce, "Yaya, cire." Ya riga ya cire. Yana riƙe da ita da hannu biyu, ya rasa wanda zai ba.

Ban san abin da na'urar za ta yanke ba, ko za ta gane ko ba za ta gane ba. Ba a ba ta dama ba.

Mai kabu-kabu ya yi ta surutu a hanya. Na ji kamar yana cewa taki ya yi tsada.

Talata

Ban je ba.

Laraba, kafin magariba

Ban je ba. Na tafi Kafinsoli duba gero. Ya fara fitar da kai, bai buƙatar komai daga wurina. Na tsaya kansa har rana ta take, kamar ina jiran ya yi mani bayani.

Kabo ya leƙo da yamma, ya ga fuskata, ya tambayi farashin akuya, ya tafi. Ban taɓa ganin ya bar zaure da zagi a bakinsa bai zubar ba.

Alhamis, da hantsi

Fiddausi ta kira. Ta rubuta wa Madam. Ta ce mata mai rumfar ya rasu tun kafin ruwa ya sauka, ita ce matar da ake tambaya, ita ce kuma mai juya takardun tun ranar farko. Ta ce duk gaisuwar da aka amsa a watannin nan ita ta amsa, ta san ba daidai ta yi ba, a yafe mata.

Na ce bari mu duba kalmomin tare kafin a aika, akwai yadda ake jera irin wannan.

Ta ce, "Na aika, Baba. Shi ya sa na kira yanzu."

Na tambayi Hajiya. Ta ce tana nan, ta karɓi hular ta sa ƙarƙashin matashinta, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Da ta yi faɗan da an huta.

Asabar, da safe

An rufe rumfa. Layi biyu suka aiko, babu ko Allah ya jiƙansa. Taurarin sun tafi duk inda taurari ke tafiya da rana.

Madam shiru.

Kulu ta daina yi mani magana. Ban gane ba ko don na kai saƙon Kabo ne, ko don abin bai yiwu ba. Ina jin ita ma ba ta tantance ba tukuna.

Litinin, bayan la'asar

An raba gado a Kusada. Malam Ummaru ya zo da almajirinsa mai lissafi, aka yi wa komai ƙima. Da aka zo kan tumunin Fiddausi, aka ce ta zaɓa cikin tumaki ko a yanka mata gefen gona. Daga bayan asabari ta ce kwamfuta da sola take so. Wani kawun Bishir ya ce yarinya ki yi tunani, tunkiya na haihuwa, wannan abin kuwa rumfarsa ma ta rufe. Ta ce ta yi tunanin.

Zainu ya ƙara mata da injin buga takarda daga cikin rabonsa. Ya faɗa yana kallon ƙasa, da sauri, kamar mai tsoron a gode mashi. Gemun ya fara dawowa.

Madam shiru.

Talata

Shiru.

Alhamis, bayan azahar

Ta amsa.

Ina Kusada saƙon ya shigo ta adireshin Fiddausi na kanta. Dogo ne. Rabin farko ta'aziyya ce mai kyau, har ta ce ta yi kuka, kuma na yarda ta yi. Rabi na biyu ta ce ƙungiyarsu na da tsari. Fiddausi ta buɗe sabuwar rumfa da sunanta, za a aiko mata shafi ɗaya na gwaji, in ta ci sai a fara ba ta ƙananan ayyuka a farashin sababbi, a ga yadda za ta yi.

Ni na ji daɗi. Na ce alhamdulillahi, ƙofa ta buɗe.

Fiddausi ta karanta ta sake karantawa. Sai ta miƙe tsaye.

"Gwaji. Ni za a gwada. Littafin allurar nan da suke rabawa har Maradi, wa ya juya shi? Na masu ciki fa, da suka ce ungozomomi sun fi gane shi da na kowa? Da yake da hular namiji a hoton ba wanda ya ce a gwada. Shafi ɗaya, Baba!"

Har Hajiya Ma'u ta leƙo daga ɗaki. Tun ranar da aka zo mana da labari ban ji muryar yarinyar nan ta wuce bakin tabarma ba. Yau ta kai zaure. Na sunkuyar da kai ina gyara tabarau don kada ta ga abin da ke fuskata, ta ce ina mata dariya.

Da ta lafa na ce duk da haka a karɓa, a fara da kaɗan. Ta ce ta gama zama a kasuwar da za a tashe ta da layi biyu. Ta zauna ta rubuta amsa ina kallo. Ta gode da ta'aziyya. Ta ce ba ta da rumfa kuma ba za ta buɗe ba. Tana da ofis a Kankia, ga lamba, ga farashinta, wanda aka saba biya ne ba ragi. Aikinta na shekara huɗu na hannunsu, in gwaji ake so a duba shi.

Na ce wane ofis?

Ta ce, "Ɗakin ƙofar gidanka, inda kake tara wa ɓeraye buhu."

Juma'a, bayan azahar

Ban yi barcin kirki ba. In baturiyar nan ta ji haushi fa? Ita ce rabin abincinsu. Na so in kira in ce a sake aika wani mai laushi, da sunana ma in ya kama, a matsayin uba. Na ɗauki waya na ajiye. Kulu tana kallona. Ta ce, "Ka bar ta." Maganarta ta farko ke nan a kwanakin nan, kuma yau gishiri ya dawo cikin miyar rana.

Lahadi, bayan la'asar

Mun kwashe ɗakin, ni da Kabo. Wato ni na kwashe, shi ya zauna kan buhu yana ba da umarni. Ya ce yau ya ga abin mamaki, ma'aikacin gwamnati na gumi. Mun samu keken da na ce an sace tun zamanin soja.

Fiddausi ta aiko da tsari ta waya. Ba ta dogara da na waje kaɗai ba. Za ta buga wa mutane takardu, ta cika wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ta juya wa ƙungiyoyin manoma na Rimaye da Kafinsoli takardun da ake kawo masu da Turanci su sa hannu ba su san mi ke ciki ba. Ta kuma rubuta wa wasu biyu cikin tsofaffin masu ba su aiki. Ɗaya ya ce zai duba. Ɗaya bai ce komai ba.

Na ce Madam fa? Ta ce shiru.

Talata, kafin magariba

Gajere kafinta ya zo ya toshe yoyo, ya fara haɗa kanta. Ya tambaye ni tsawon tebur, na ce mai ɗakin na zuwa Juma'a, ranar take fita takaba. Ya ce shi dai bai taɓa yi wa ofishin mace aiki ba. Na ce ni ma ban taɓa ba ɗiyata hayar ɗaki ba, kowa ya yi haƙuri da rabonsa.

Na kira Fiddausi da azahar in ji ko Madam ta amsa. Shiru. Na kira da la'asar, ta ce Baba don Allah.

Laraba

Ban kira ba. Na ba Kulu waya ta ɓoye, sannan na yi ta nemanta.

Juma'a, bayan la'asar

Ta fita. Da safe aka yi sadaka a Kusada, Kulu ta tafi da gumba tun jiya. Bayan masallaci Zainu ya kawo su a motar haya. Yasmin ta yi barci a cinyar Kulu, Fiddausi na gaba da kwamfuta a ƙirji, farantin sola ɗaure a saman mota. Ta sa atamfa shuɗiya, da kwalli. Na manta haka idanunta suke.

Hajiya Ma'u ta aiko da turmin. Wai ta saba aiki a kansa, kada tebur ya ba ta ciwon baya.

Mata sun cika tsakar gida suna jiran ta shigo a yi mata barka. Ba ta shiga ba. Ta tsaya ɗakin ƙofa, ta dubi rufi, ta buɗe taga ta rufe, ta girgiza kantar Gajere ta ce ta karkace. Gajere ya ce ƙasar ce ta karkace. Ta ce to a gyara ƙasar. Ta karɓi igiyar awonsa ta durƙusa wajen bango, da sabuwar atamfar.

Na yi ta zagaye a bakin ƙofa. Na shiga, na fito, na kori akuya. Daga ƙarshe na kasa.

Na ce, "Madam ta amsa kuwa?"

Ta ce, "Ban duba ba, Baba. Riƙe mani nan."

Ta miƙo mani bakin igiyar. Na riƙe.